Awa Biyar ɗin Yaya

Ranar Talata da hantsi Yaya ya shigo da tikitin, yana kaɗa shi sama kamar shi ya ƙera jirgin. Ko sallama bai ƙarasa ba ya tsallake yadin mutane da na shimfiɗa a ƙasa ina yanka, ya wuce ɗakin Baba. Takalminsa ya bar mini sawu a gefen farin yadi. Na bi bayansa da almakashi a hannu, don haushi ya sa na manta ban ajiye ba.

"Baba, an gama," in ji shi. "Asabar ta sama za ka tashi. Goma na safe jirgi zai ɗaga, uku na rana kana hannun Auta. Awa biyar kacal, kamar ka ɗan kishingiɗa ne ka farka."

Baba yana kujerarsa ta kullum a bakin taga, da siririn tiyo a hanci. Shekara huɗu ke nan huhunsa ya ƙi aiki shi kaɗai, sai da na'urar da ke ba shi iska. Babbar tana jone da wuta a gefen gado, ƙaramar kuma mai batir ita ake rataya masa in za a fita, kuma da batir ɗinta biyu awa takwas take yi ta mutu. Ni ke wanke matatarta, ni ke canza tiyon, ni na san irin kukan da take yi in ta fara gajiya. Yaya kuwa sai ranar hutu yake zuwa da ledar lemo, ya zauna minti ashirin yana latsa waya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kama gabansa. Manaja ne a wani kamfanin fenti, kuma tun da aka ba shi kujera mai juyi ya ɗauka duk duniya ma'aikatansa ne.

Auta ƙanwarmu ce. Shekara tara rabonta da gida. Takardun zamanta a can ƙetaren teku sun maƙale, in ta fito ba za a bar ta ta koma ba, ga 'ya'ya uku da Baba bai taɓa ɗauka ba sai dai ya gan su a waya. Shekara ɗaya da rabi muka yi muna neman biza kafin a ba shi, ta kuma rage saura mako uku ta ƙare. Likitansa da ƙyar ya yarda. A gabana ya ce a can sama iska ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, ko da na'ura, huhun Baba ba zai jure fiye da awa shida ba. Ya ba da fom, Yaya ya karɓe ya ce shi zai cike wurin tsawon tafiya in tikiti ya fito.

Na ce, "Yaya, awa nawa ka ce?"

"Biyar. Ko kunnen ma ƙarar keken ɗinki ta cinye?"

"Ukun ranar nan, tamu ce ko tasu?"

Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa. "Uku ai uku ce. Akwai uku iri biyu ne?"

Ka ji mini mutum! Kullum ta Allah ƙarfe huɗu na yamma nake ajiye ɗinki, in zo in riƙe wa Baba waya ya yi magana da Auta, don hannunsa yana rawa. A lokacin ita ƙarfe goma na safe ne a wurinta, tana ɗan hutun shan shayi a wurin aiki. Awa shida muka riga su. Wannan ba a makaranta na koya ba, tsamin hannu ne ya koya mini. Yaya bai taɓa kiranta ba, sai dai ya tura saƙo ya ga amsa lokacin da ya ga dama, to ina zai sani?

Na ce, "In jirgi ya sauka ukun ranarsu, tara na dare ke nan a nan. Daga goma na safe zuwa tara na dare, ƙirga da yatsunka. Sha ɗaya."

Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Tela ta zama direban jirgi. Ke su masu jirgin ba su san da bambancin ba sai ke? Sun riga sun lissafa sun cire kafin su buga. Ki tsaya a inci da yadi, nan Allah ya ajiye ki."

"Sun cire me? Tekun suka cire?"

"Baba, ka ji ta ko? Dama na san sai ta kawo wani tsirfa."

Na juya wajen Baba ina jiran ya sa baki. Yana kallon waje ta taga, inda wata mota ke ta faman juyawa a lungu. Can ya ce, "Ku rage mini hayaniya. Yayanki ya ce biyar."

Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo. Na koma kan yadina, na goge sawun takalmin da jiƙaƙƙen tsumma, na kuma yanka hannun riga a karkace, abin da rabona da yi tun ina koyo.

Da yamma sai shakka ta kama ni. Mutum in an daɗe ana ce masa bai san komai ba, yakan fara yarda. Na rataya tef ɗin awona a wuya na hau bene wajen Malama, maƙwabciyarmu da ke koyarwa a firamare. Tana da taswirar duniya irin mai kama da ƙwallo, a kan kabad, ƙura ta rufe rabinta. Ta sauko da ita ta nuna mini garinmu. Na ce ta nuna mini garin da mai kawo mini yadi take zuwa saro, don ita ta sha faɗa mini awa biyar take yi a sama, har ƙafarta ta kumbura. Na ɗora tef, inci biyu da rabi. Na ce to ina garin Auta? Sai da Malama ta juya ƙwallon kafin ta same shi. Na danne bakin tef da babban yatsa na ja, ya bi ta kan shuɗi, shuɗi, shuɗi, har inci biyar da rabi.

Malama ta ce, "Tabɗi. Wa ya ce miki awa biyar?"

"Manaja."

"To ki ce wa Manaja ya zo in sa shi a aji huɗu."

Ban yi dariya ba. Ina tsaye da tef a hannu ina ganin Baba a kujerar jirgi, na'ura ta yi kukanta na ƙarshe a awa ta takwas, saura awa uku, ƙasa babu komai sai ruwa, kusa da shi kuma Yaya yana latsa waya. Na zauna a kan gadon Malama.

Na kira Yaya a waya, ya katse. Na sake kira, ya kashe wayar gaba ɗaya. Washegari na bar wa Malama mukulli ta riƙa leƙa Baba, na tafi kamfaninsu. Na same shi a bayan tebur, ga gwangwanayen fenti jere a bango, yana yi wa wani direba faɗa. Ban jira an ba ni kujera ba.

"Ka cike fom ɗin?"

"Na cike, likita ya sa hannu jiya da yamma. Sai me?"

"Me ka rubuta?"

"Abin da ke kan tikiti. Ke wai lafiyarki ƙalau? Ofis ne nan, ba shagonki ba."

Na faɗa masa awon da na yi. Ya sallami direban, ya tura ƙofa, ya jingina da kujera yana juyawa hagu da dama.

"Bari in faɗa miki gaskiya tunda kin zo nema," ya ce. "Ba awa ce damuwarki ba. Ba kya son ya tafi ne. Shekara huɗu kin kankane shi, kowa ya zo sai ya nemi izininki kafin ya gaishe da ubansa. In ya tafi wata uku, da me za ki yi wa mutane taƙama? Wa zai ce miki sannu da ƙoƙari?"

Kai! Da almakashin jiya yana hannuna ban san abin da zai faru ba. Na ce, "Kai ne za ka faɗa mini haka? Kai da ba ka san a wane gefe ake kunna na'urar ba? Sau nawa ka taɓa ɗaga shi zuwa banɗaki? Tashi mu je ofishin jirgin, in ni ce mahaukaciyar in ba ka haƙuri a gaban kowa."

"Mu je," in ji shi, ya fizgi mukullin mota. "Yau zan yi maganin bakin nan naki."

Muka shiga motarsa. Ya ƙure rediyo, ni kuma na rungume jakata, wadda fom ɗin ke ciki, don ya jefo mini shi a cinya ya ce in karanta sa hannun likita in ina iya karatu.

Ofishin yana hawa na biyu, sanyi kamar cikin firji, mutane kusan goma a kan kujeru suna jiran layi. Da aka zo kanmu, Yaya ya miƙa wa ma'aikaciyar tikitin, wata mata mai tabarau, ya gyara murya irin ta manya.

"Don Allah ki faɗa wa ƙanwata tsawon tafiyar nan, ta bar mu mu huta."

Matar ta danna kwamfuta. "Awa goma sha ɗaya da minti goma."

"A'a, duba dai. Goma zuwa uku."

"Ukun agogon can ce, ranka ya daɗe. Kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta a gefensa ne. Nisan ya haura kilomita dubu tara."

Na ga wuyan Yaya ya yi gumi a cikin sanyin nan. Ya karɓi tikitin ya ninke, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "To, na ji. Ya isa. Mu je waje mu yi magana."

A nan ya kamata in bi shi. Na sani, kuma na sha maimaita wa kaina. Amma maganar kankane uba tana ci mini rai har lokacin, ga mutane goma suna kallo, ga shi ya yi tsuru-tsuru irin yadda ban taɓa ganinsa ba tun muna yara. Zuciya ta ɗebe ni. Na zaro fom ɗin na buga shi a kan teburin matar.

"Baiwar Allah, duba abin da babban manaja ya rubuta. Tsoho ne mai na'urar numfashi, batir ɗinsa awa takwas, likita ya ce kada ya wuce shida. Karanta da ƙarfi kowa ya ji, ai ni tela ce, ban iya karatu ba."

Wani a layi ya tuntsire da dariya. Matar ba ta yi ba. Ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa, ta ɗauki waya ta kira wani daga ciki. Cikin minti biyar suka sa wa sunan Baba alama a kwamfuta. Ba zai hau ba sai an kawo sabon fom mai awa goma sha ɗaya, da sa hannun likita, da batir da zai wuce tsawon tafiyar da rabi.

A matakala Yaya ya tsaya ya juyo. Idonsa ya yi ja. "Kin ji daɗi? Da kin yi shiru da na nemo ƙarin batir, mu lallaɓa."

"Ka lallaɓa da huhun wa? Naka?"

"Ke dai ba ki iya cin nasara ki yi shiru ba. Tun kina ƙarama haka kike."

"Kai kuma ba ka iya kuskure ka ce na yi ba."

Daga nan asibiti muka wuce, har yanzu a mota ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Likita ya saurare mu, ya karɓi tsohon fom ya ja masa layi biyu. Ya ce batir ko buhu guda muka kawo ba shi ne maganar ba, jikin ne ba zai ɗauka ba, kuma shi ba zai sa hannunsa a kan sha ɗaya ba ko wa zai roƙe shi. Ni da kaina na tambaya ko za a raba tafiyar biyu, a sauka wani gari a huta kwana biyu. Ya duba a wayarsa ya girgiza kai. Ta ko'ina aka bi sai an tsallake tekun a zama ɗaya, mafi gajarta awa takwas da rabi. Ya ce mu yi haƙuri, ya kira na gaba.

Muka iso gida wajen ƙarfe biyu. Baba ya sa Malama ta sauko masa da akwati daga kan kabad, yana zaune ya baje hulunansa a cinya yana zaɓen wadda zai sauka da ita. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya bar ni da bayani, kamar yadda ya saba bar mini duk abin da ke da wari. Na durƙusa a gaban kujerar na faɗa masa komai, daga tef har likita. Na yi ta jaddada cewa awa uku zai yi ba iska a tsakiyar teku.

Ya saurara har na gama. Ya ja numfashi sau uku kafin ya yi magana, don haka maganarsa take yanzu, guntu-guntu.

"Sha ɗaya ne. Na sani."

Na ɗago kai.

"Ni nake magana da yarinyar nan kullum. Ina ce mata barka da yamma, tana ce mini ina kwana. Kin ɗauka don huhuna ya lalace, kaina ma ya lalace?"

"Baba, to me ya sa da Yaya ya ce biyar..."

"Don biyar ce za ta kai ni." Ya tsaya ya huta. "Wannan sakaran ya yi kuskurensa, na ce alhamdu lillahi. Ban sa shi ba. Allah ne ya kawo mini."

Yaya ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa. Ko sakaran da aka ce masa bai motsa shi ba.

Na ce, "Baba, mutuwa fa za ka yi a hanya."

"A kujerar nan me nake jira? Wataƙila in isa, wataƙila kar in isa. Raina ne. Ke wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni! Shekara huɗu ina..."

"Shekara huɗu kina tsare ni. Na gode. Abinci sai kin auna, ruwa sai kin auna, taga sai kin ce a buɗe. Abu ɗaya na so, shi ma kin bi shi kin auna."

Na fashe da kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba. Na ce masa ba adalci ba ne, na ce da an kawo mini gawarsa a akwati wa zai zauna da wannan, ni ko Yaya? Na ce Auta ma da ta sani ba za ta yarda ba. Bai musa ko ɗaya ba. Ya tattara hulunan ya miƙa wa Yaya, ba ni ba.

"Akwai ɗaki a gidanka?"

Yaya ya yi inda-inda. "Akwai na baƙi, Baba, amma ai nan ka saba, kuma ita ce ta san..."

"Ka kai ni yau."

Na ɗauka fushi ne na awa ɗaya. Na shiga kicin na dafa masa shayi, ya ce ya ƙoshi. Na kawo maganin ƙarfe uku, ya ce a ba Yaya ya ba shi. Yaya ya tsaya yana jujjuya kwalaben kamar ya tsinci kayan wani, sai da na nuna masa da yatsa daga nesa. Ya kira matarsa ta gyara ɗaki, ya kira direban kamfani da motar kaya. Ina tsaye aka cire babbar na'urar daga soket, aka naɗe wayarta a hagunce, aka fita da ita a kwance, alhali ba a kwantar da ita. Na yi magana, direban ya kalli Yaya, Yaya ya ce a tayar.

Ni na rataya wa Baba ƙaramar, don ba wanda ya iya ɗaure maɗaurin. Ya bar ni na yi, amma fuskarsa na kallon bango. Muka sauko da shi a hankali, Yaya ta dama, Malama ta hagu, ni a baya riƙe da tiyo kada ya harɗe. Da aka zaunar da shi a kujerar bayan motar Yaya na kama murfin ƙofa zan shiga, ya ɗaga hannu.

"Kina da ɗinkin mutane."

Ban yi nadamar hana shi hawa jirgin nan ba, kuma ko gobe aka sake sai na hana. Abin da na yi a ofishin jirgin shi ne nake jin kunyarsa. Amma a lokacin ba wannan ke gabana ba. Yaya ya tayar da mota, ni kuma na manne da tagar baya ina bin ta da sauri, ina ta zuba.

"Yaya, matatar kowace Laraba ake wankewa, da ruwa zalla, kar a sa sabulu! In ta yi kuka sau uku a jere tiyo ne ya lanƙwashe, ba batir ba! Kar a ba shi farin maganin da ciki wayam! Filo biyu, Yaya, ba ɗaya ba, in ya kwanta a miƙe shaƙewa yake..."

Baba ya laluba da hannunsa mai rawa ya sami maɓallin, gilas ya hau a hankali har ya rufe. Motar ta fita daga lungu, ni kuma ban gama faɗin na maganin ɗigon ido ba.